Abin da Aka Tono a Fadamar Kourou

Ranar Talata, 4 ga watan Yuni, 1996, da hantsi, wajen ƙarfe 9:34 agogon Giyana ta Faransa, rokar Ariane 5 ta tashi karo na farko daga sansanin Kourou da ke gaɓar tekun Atlantika a Kudancin Amurka. An ɗan dakatar da ƙirgen harbawa saboda gari ya yi lumshi, da sama ta washe aka ci gaba. Aka kunna babban injin, mai suna Vulcain, bayan daƙiƙa bakwai da ɗoriya manyan rokoki biyu na gefe suka kama da wuta, ta ɗaga. Har zuwa daƙiƙa ta 36 komai na tafiya yadda aka tsara. A ta 37 sai bakunan injunan suka karkace har iyakar inda za su iya kaiwa, rokar ta yi kwana ba zato ba tsammani, iska ta buge ta a haƙarƙari, rokokin gefe suka ɓalle, na'urar tarwatsa kai ta yi aikinta. Nisanta daga ƙasa a lokacin kimanin mita 3,700 ne.

Ba a rasa rai ba. Amma a kanta akwai taurarin ɗan'adam huɗu na Hukumar Sararin Samaniya ta Turai, ESA, waɗanda ake kira Cluster, kowanne mai nauyin kusan kilo 1,200, an ƙera su domin su yi tafiya tare suna auna yadda iskar da ke fitowa daga rana take karo da garkuwar maganaɗisun duniya. Masana kimiyya sun shafe shekaru kusan goma a kansu. Kyauta aka ba su guri a wannan tashi, tunda na gwaji ne, su kuwa suka karɓa da murna. An ƙiyasta asarar ta haura dala miliyan 370.

Ni sana'ata koyar da rubutun manhajar kwamfuta, kuma ba na barin zango ya wuce ban kawo wa ɗalibaina wannan labari ba. Da yawansu sun riga sun ji shi a taƙaice: wai wata lamba ce ta yi wa ma'ajinta girma, roka ta fashe. Hakan ya faru, babu musu. Sai dai wannan taƙaitawa tana damuna, domin tana sa mai sauraro ya ɗauka wani sakarai ne guda ya yi sakaci, a kore shi a huta. Waɗanda suka yi binciken ba su tsaya nan ba, kuma abin da ya sa nake girmama aikinsu ke nan.

Kafin a kai ga binciken, ya kamata a san wurin, domin yanayin ƙasarsa ya shiga cikin labarin. Faransa ba daga Kourou ta fara harba rokoki ba. Daga Hammaguir ta fara, a cikin hamadar Sahara ta ƙasar Aljeriya, inda rokar Diamant ta kai tauraronta na farko, Astérix, cikin falaki a ranar 26 ga Nuwamba, 1965. Da Aljeriya ta sami 'yancin kai a 1962, yarjejeniyar da aka ƙulla ta ba Faransawa wa'adin tashi daga can zuwa 1967, don haka tun 1964 suka zaɓi Kourou. Wurin yana da digiri biyar kacal arewa da ikwaita, inda juyawar duniya ke ba roka gudun kusan mita 460 a daƙiƙa ba da ko sisi ba, kuma gabas da arewa duk teku ne. Daga nan Ariane ta farko ta tashi a watan Disamba na 1979, Ariane 4 kuma a 1988, ta zama dokin aikin da ya ƙwato wa Turai kusan rabin kasuwar harba taurarin kasuwanci ta duniya. Tsakanin dandalin harbawa da tekun kuwa fadama ce mai laka da itatuwan bakin ruwa. A nan tarkacen Ariane 5 suka zube, a fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 12.

Cikin kwanaki kaɗan shugaban ESA, Jean-Marie Luton, da na hukumar sararin samaniya ta Faransa, CNES, Alain Bensoussan, suka kafa kwamitin bincike mai mutum tara, daga Faransa, Suwidin, Jamus, Italiya da Birtaniya. Suka ɗora Farfesa Jacques-Louis Lions a kai, masanin lissafi ne na gaban kwatance. Mai ƙorafi zai iya cewa ai ɗan gida ne, tunda shi ya shugabanci CNES daga 1984 zuwa 1992, daidai lokacin da ake tsara Ariane 5, kuma ƙorafin yana da tushe. Amma wanda ya karanta abin da ya sa wa hannu zai ga bai rufa wa gidan asiri ba. Kwamitin ya fara zama ranar 13 ga Yuni, ya miƙa rahotonsa ranar 19 ga Yuli. Aikin da aka ba shi uku ne: gano musabbabi, duba ko gwaje-gwajen da aka yi kafin harbawa sun dace, da kuma faɗin abin da za a gyara.

Farkon abin da mai irin wannan bincike yake yi shi ne sallamar waɗanda ba su da laifi. Suka duba yanayi: babu tsawa, babu iskar da ta wuce ƙima. Suka duba injuna: suna ci yadda ya kamata. Sun ma ci karo da wata matsala ta daban, tun daga daƙiƙa ta 22 matsin man da ke juya bakin babban injin ya fara rawa, sau goma a kowace daƙiƙa. Mai gaggawa da ya cafke wannan ya ce ga ɓarawon. Su kuwa suka bi ta, suka tabbatar ba ita ta kayar da rokar ba, suka rubuta cewa matsala ce ta gaske da ke buƙatar nata binciken, suka wuce. Ina son wannan ɗan sakin layi na rahoton ƙwarai, domin a nan ake gane mai neman gaskiya da mai neman abin faɗa wa 'yan jarida.

Bayanan da rokar ta riƙa aikowa ƙasa ta rediyo sun nuna yatsa ga wata na'ura da ake kira SRI, wadda ke gaya wa roka inda take, inda ta fuskanta da irin gudun da take yi. A cikinta akwai ma'aunan juyi masu aiki da hasken lesa, da ma'aunan ƙaruwar gudu, da ƙaramar kwamfutarta ta kanta. Guda biyu ne a jikin rokar, ɗaya na aiki, ɗaya na jiran ko-ta-kwana. Amma abin da ya faru a cikin cikinsu ba a aiko shi ƙasa ba, yana rubuce ne a ma'adanar da ke jikinsu. Dole aka shiga laka. Aka yi ta lalube a fadamar har aka tono su duka biyun, aka kai su ɗakin gwaji, aka karanto abin da suka rubuta a numfashinsu na ƙarshe. Da ba a same su ba, da kwamitin ya ƙare da zato mai ƙarfi maimakon hujja.

Daga nan suka bi sawu da baya da baya. Me ya tarwatsa rokar? Ɓallewar rokokin gefe. Me ya ɓalle su? Karkatar da ta wuce digiri 20 a cikin iska mai ƙarfi. Wa ya ba da umarnin karkatar? Babbar kwamfutar rokar. Don me? Domin SRI ta aiko mata da wasu lambobi da ta ɗauka bayanan tafiya ne, ta ga kamar rokar ta kauce hanya sosai, ta yi ƙoƙarin dawo da ita. Alhali rokar tana kan hanyarta sarai. Lambobin nan saƙon neman agaji ne, na'urar tana bayyana irin lalurar da ta same ta kafin ta kashe kanta. To ina ta ko-ta-kwanar? Ta riga 'yar'uwarta mutuwa da abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba, kuma cuta ɗaya ce ta kashe su.

Ga cutar. Kwamfuta tana ajiye lamba a cikin gurabe, kowane gurbi sifili ne ko ɗaya. Akwai wata lamba a manhajar SRI mai suna BH, wadda ke hauhawa gwargwadon gudun da roka ke yi a kwance, wato ta gefe ba ta sama ba. Ana lissafa ta a ma'aji mai gurabe 64, sannan a mayar da ita ma'aji mai gurabe 16, wanda iyakar abin da zai ɗauka 32,767. A kan Ariane 4 lambar ba ta taɓa kusantar wannan iyaka ba. Ariane 5 kuwa ta fi ƙarfi, hanyarta ta farko daban ce, gudunta na kwance yana taruwa da sauri har ninki biyar. Sai ya zama kamar an ce a juye buhun gero cikin mudu. Manhajar, wadda aka rubuta da harshen Ada, ta ga abin ba zai yiwu ba, ta ɗaga tutar kuskure.

A nan taƙaitaccen labarin yake tsayawa. Kwamitin kuwa ya ci gaba da tambaya, kuma kowace amsa ta fi ta bayanta nauyi.

Wane aiki lambar BH take yi a lokacin? Babu. Tana cikin sashen manhajar da ke daidaita na'urar tun rokar na tsaye a ƙasa, inda take amfani da jan ƙasa da juyawar duniya ta gane ina ne ƙasa, ina ne arewa. Da zarar an tashi, lissafin ba shi da sauran ma'ana. Me ya sa bai tsaya ba? Domin sama da shekara goma kafin nan, a kan tsofaffin Ariane, an lura cewa idan aka dakatar da ƙirge a daƙiƙun ƙarshe, tsakanin saura tara da saura biyar, sake daidaita na'urar zai ci minti 45 ko fiye, lokacin harbawa ya kuɓuce. Sai aka yi dabara: a bar sashen ya ci gaba da gudana daƙiƙa 50 bayan na'urar ta shiga yanayin tafiya, ko da za a buƙace shi. Dabara ce mai kyau a zamaninta, ta kuma yi rana sau ɗaya, a 1989, a tashi na 33. Ariane 5 tana da nata tsarin shiri dabam, ba ta buƙatar wannan ko kaɗan. An bar shi ne bisa tunanin cewa abin da ya yi aiki lafiya ba a taɓa shi. Idan aka yi lissafi da alƙaluman rahoton, saura kimanin daƙiƙa goma sashen ya kashe kansa lokacin da ya kayar da rokar.

Shin masu rubuta manhajar ba su san lamba tana iya fin ma'ajinta ba? Sun sani sarai. Sun zauna sun tantance wurare bakwai da hakan zai iya faruwa, suka sa wa huɗu kariya, suka bar uku. Dalilinsu shi ne an gindaya musu sharaɗin kada aikin kwamfutar SRI ya wuce kashi 80 cikin 100 na ƙarfinta, kuma kowace kariya tana cin nata rabon. Ukun da suka bari, sun yi nazari sun gamsu cewa ba za su taɓa cika ba. Game da BH, nazarin daidai ne, a kan hanyar Ariane 4. Kuma ba mutum ɗaya ya yanke shawarar a ɓoye ba, ɓangarori da dama na masu kwangila sun amince da ita. Abin da ya ɓace shi ne dalilin. Ba a rubuta shi a jikin manhajar ba, ba a sa shi cikin takardun da masu bita daga waje za su gani ba. Manhajar ta yi ƙaura zuwa sabuwar roka, sharaɗin da ta dogara a kai ya zauna a tsohon gida.

Me ya sa gwaji bai kama shi ba? Domin an amince tun farko cewa ba za a sa bayanan hanyar Ariane 5 cikin ƙa'idojin da aka ba masu ƙera SRI ba, saboda haka ba a taɓa gwada na'urar da irin gudun da za ta tarar ba. A babban ɗakin da ake haɗa na'urorin rokar a kwaikwayi tashi, an yi niyyar sa SRI ta gaske, daga baya aka musanya ta da manhajar da ke kwaikwayonta, bisa hujjar cewa ai ita an riga an tabbatar da ingancinta, kuma haɗa ta yana da wuya. Bayan hatsarin, da aka ciyar da manhajar ta gaske da bayanan tafiyar ranar 4 ga Yuni, ta faɗi a daidai inda ta faɗi a sama. Gwajin da zai ceci rokar bai fi ƙarfinsu ba, ba a dai yi shi ba sai bayan ta fashe.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na ƙarshe. Me ya sa kuskure a sashen da ba shi da amfani zai kashe na'ura gaba ɗaya? Domin haka aka umarce ta. Ƙa'idar ta ce duk lokacin da aka ga kuskure kowane iri, a sanar, a rubuta a ma'adana, a kashe kwamfutar. Wannan tunanin mutanen ƙarfe da waya ne, kuma a fagensu yana da hikima: idan wata waya ta tsinke a na'ura ɗaya, da wuya irinta ta tsinke a ta biyu a lokaci guda, don haka mai ciwo ta koma gefe, mai lafiya ta karɓa. Amma manhaja ba ta tsufa, ba ta tsatsa. Idan akwai aibi a tsarinta, yana cikin kowane kwafi. Na'urori biyu masu manhaja ɗaya, suna karɓar bayani ɗaya, tare za su faɗi. Ma'aunan da ke cikinsu lafiyarsu ƙalau har zuwa ƙarshe; da an bar su sun ci gaba da aiko abin da suka iya, da rokar ta wuce. Kwamitin ya ce a shirin Ariane an saba ɗaukar manhaja a matsayin mai inganci har sai an kama ta da aibi, shi kuwa yana ganin a juya maganar: a ɗauke ta mai aibi har sai an nuna ingancinta da mafi kyawun hanyoyin da ake da su.

Wani ɗalibina ya taɓa ce mini, “Malam, ai tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa.” Na ce masa ban musa ba, amma Allah yana gudanar da al'amura ta hanyar sababi, kuma bin sawun sababin nan shi ne aikin da aka ɗora mana mu masu wannan sana'a. Rahoton Lions bai ambaci sunan injiniya ko ɗaya a matsayin mai laifi ba. Ya kawo shawarwari 14, daga cikinsu: kada wani sashen manhaja ya gudana a lokacin tafiya sai ana buƙatarsa, kada a bar ma'auni ya yi shiru, ya aiko da iyakar abin da ya iya, a yi gwaji da na'urorin gaske da bayanan gaske, a gayyato baƙin ido su duba, a kula da takardun da ke bayyana dalili kamar yadda ake kula da manhajar kanta. A 1997 wani masani na cibiyar bincike ta INRIA, Gérard Le Lann, ya fito ya ce kiran abin kuskuren manhaja ma bai dace ba, tunda manhajar ta yi abin da aka ce ta yi. Laifin na masu tsara tsarin ne baki ɗaya. Ina ganin ya fi kusa da gaskiya, ko da yake duk hujjojinsa a cikin rahoton ya same su.

Ya same su ne domin an buga rahoton kowa ya karanta. Akwai wani kundi mai zurfin bayani da aka taƙaita yawonsa, amma jigon maganar an sake shi, gajere, cikin harshen da ɗalibin shekarar farko zai fahimta. Kada a ɗauka haka ake yi ko'ina. Kusan wata huɗu kafin hatsarin Kourou, ranar 15 ga Fabrairu, 1996, rokar ƙasar Sin mai suna Long March 3B, ita ma a tashinta na farko, ta karkace daƙiƙa biyu bayan ɗagawa daga sansanin Xichang, ta faɗa kusa da gidajen mutane da tauraron Intelsat 708 a kanta. Hukumomin Sin sun ce mutum 6 sun mutu, 57 sun jikkata. Ita ma na'urar sanin matsayi ce ta ci amanarta, amma ta hanyar wani haɗin waya da ya lalace. Kamfanonin inshora suka nemi injiniyoyin waje su duba binciken da Sin ta yi, aka kafa kwamiti ƙarƙashin kamfanin Loral na Amurka, wanda ya ƙera tauraron. Da sakamakon ya isa hannun Sinawa ba tare da izinin gwamnatin Amurka ba, sai magana ta koma ta tsaron ƙasa, tunda abin da ke gyara roka yana gyara makami mai linzami. Kamfanin Loral ya biya tarar dala miliyan 14 a 2002, Amurka kuma tun 1999 ta toshe hanyar harba taurarinta a kan rokokin Sin. Sin ta juya ga sayar da nata tauraron haɗe da harbawa, kuma mai saye na farko daga waje Nijeriya ce: NigComSat-1 ya tashi daga Xichang ɗin nan, a kan Long March 3B ɗin nan, a watan Mayu na 2007. Ya daina aiki a Nuwamban 2008 saboda matsalar fukafukansa masu tara hasken rana, aka harba madadinsa, NigComSat-1R, a Disamban 2011.

A Turai kuwa aka koma kan manhajar layi bayan layi. Wani mai bincike a INRIA, Alain Deutsch, ya yi amfani da wata hanyar lissafi da ke duba manhaja ba tare da an kunna ta ba, tana nuna duk inda lamba za ta iya fin ma'ajinta. Daga wannan aiki aka kafa kamfanin PolySpace a 1999, kuma har yau masu ƙera jirage da motoci suna amfani da kayan aikinsa. Tashi na biyu, ranar 30 ga Oktoba, 1997, bai fashe ba, amma rokar ta riƙa murɗawa, babban injin ya mutu da wuri, ba ta kai tsayin da aka so ba, aka sake zaman bincike. Na uku, ranar 21 ga Oktoba, 1998, ya tafi lami lafiya. A Disamban 2002 sabon samfurinta mai ƙarin ƙarfi ya faɗi saboda bakin injin Vulcain 2 ya lalace, aka sake kafa kwamiti. Bayan wannan Ariane 5 ta yi tashi 82 a jere ba tangarɗa, ita ce ta ɗauki madubin hangen nesa na James Webb ranar 25 ga Disamba, 2021, ta yi ritaya a watan Yuli na 2023 bayan tashi 117.

Masu Cluster ma ba su haƙura ba. Da farko sun yi tunanin haɗa tauraro guda daga kayan gyaran da suka rage, daga baya a 1997 ESA ta amince a sake ƙera huɗun gaba ɗaya. An harba su bibbiyu daga Baikonur ta ƙasar Kazakistan a kan rokar Soyuz ta Rasha, ranar 16 ga Yuli da 9 ga Agusta, 2000. Aikin shekara biyu aka tsara musu, suka yi shekara 24 suna aiko da bayanai, sai a watan Satumba na 2024 aka rufe aikin.